Bara, Bana, Baɗi

Gabas da Santo Domingo, in injin rake ya yi shiru,
kantina ne majalisarsu.
Tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce,
ƙwayoyin domino, hirar besbol,
da maza huɗu da ba su taɓa haɗa baki ba
sai a kan gahawata ta yi tsada.

Wilfrido ke tsokano ta kullum.
Ya doka ƙwaya kamar alƙali ya yanke hukunci:
"Bana tamu ce! Na ga yaron da suka ɗauko,
kafaɗa kamar ƙofar coci,
in ya sa gora, ƙwallo sai ta nemi teku."
Eleuterio ya tuntsire har hula ta zame:
"Haka ka ce bara.
Haka ka ce bara waccan, a kan mai tumbin nan
da ba ya kai zango na biyu sai ya nemi ruwa.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.
Masu bugu muna da su. Wa zai yi jifa?"

Nan maganar ke faɗawa kullum,
kamar keke a ramin da kowa ya sani:
bahagon nan.
Shekara uku ke nan da suka ba da shi
suka karɓo tsofaffi biyu da alkawari.
Ɗaya gwiwa ta kayar da shi kafin Kirsimeti,
ɗayan yana can yana sayar da taya.
Alkawarin kuwa har yau yana hanya.

Fausto ya ɗaga yatsu masu tabon adda:
"Wasa bakwai ya ci musu bara. Biyu a kanmu!
Mu in zagaye na tara ya zo, sai rufe ido da addu'a.
An sayar da akuya, ta dawo tana cin danga."

Sai duk su dubi Nicanor.
Shi ba ya sauri. Ya juya ƙwayarsa, ya shafa ta.
"Daidai suka yi," in ji shi.
"Tun lokacin gwiwar hannunsa ta fara ƙorafi.
Ga taurin kai:
mai cafe ya nuna masa yatsa biyu,
shi ya jefa abin da ransa ke so.
Ƙungiya ba gidan reno ba ce."
Ya ajiye shida-shida, bulo ya motsa.
Ba wanda ya tanka.
Ko Eleuterio, da ba ya barin magana ta taɓa ƙasa,
gyaran hula ya shiga.

Don duk mun san wanda ya koya wa bahagon jifa
da murfin gorar ruwa, a lungun bayan kantin nan.
Mun san wanda ya yanka masa safar hannu da kwalin madara.
Mun san hancin wa ke fuskarsa.

Rana na faɗawa teku suka watse,
Wilfrido na rantsuwa da kabarin uwarsa sai mun ɗaga kofi,
Fausto na cewa na huɗu, shi ma in an yi sa'a,
Eleuterio na cewa baɗi, baɗi dai,
kamar sunan wata da ta ce ya jira ta.

Nicanor ya tsaya har na fara jan taga.
Batir biyu, manya, a sa a littafi.
Ban tambaya ba.
Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa.
Dare ya yi, ina jin rediyo ƙasa-ƙasa,
tashar wancan garin, ihun 'yan kallonsu,
da tsoho yana raɗa wa duhu:
"Sauke kafaɗa, ɗana.
Kar ka yi sauri.
Yanzu."

Da safe ya fito da hular ƙungiyarmu,
wadda rana ta cinye launinta,
ya sha gahawa a tsaye, ya ce ta yi tsada,
ya ce bana ma ba laifi,
in da za a samu mai jifa.